Mai Share Hanyar Murfin Tukunya

Duk wanda ya taɓa kai kekensa hanyar dutsen Murfin Tukunya ya ga Bang Chilsong, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren tsohon nan mai manjagara da ake tararwa a gefen hanya, ya raɓe jikin itace har a wuce, in an gaishe shi ya gyaɗa kai kawai. Yatsu uku ne a hannunsa na hagu. Masu keken da ke zuwa daga Seoul ranar Asabar suna ce masa Kaka Mai Manjagara, wasu har hoto suke ɗauka da shi. A ƙauyen Solgol kuwa, da ke gindin dutsen, da abu biyu aka san shi: ba wanda ya kai shi sanin dutsen nan, kuma ba wanda ya kai shi ƙin a yi zancensa.

Yana ɗan shekara uku yaƙi ya iso kwarinsu. Mota ba ta hawa Murfin Tukunya, alfadari ma a rabin hanya yake tirjewa, don haka sojoji suka bi gida-gida suna ɗibar maza masu jige, katakon nan mai ƙafa biyu da manomi ke goyawa ya ɗora kaya. Da safe su hau da harsasai da dunƙulen shinkafa, da yamma su sauko da waɗanda aka harba. Ba kaki, ba bindiga, ba lamba a wuya, sai baƙin takalmin roba irin wanda kowane talaka ke sawa. Uban Chilsong na cikinsu. Yana tsakiyar karin kumallo ya ajiye cokali ya bi su, ya ce wa matarsa ta rufe masa sauran. Ba a sake ganinsa ba.

Uwar ta goya ɗanta ta bi ayarin masu gudu zuwa kudu. Da suka dawo bayan shekara biyar, ba ta gane inda gidansu yake ba sai da ta ga bakin rijiya. Dutsen ya zama tsirara, ba itace ko ɗaya, sai ramuka da waya mai ƙaya. Gona kuwa, duk inda ka kafa fartanya ƙarfe za ka ji. Sai abin da ya kashe mutane ya koma ciyar da waɗanda suka rage. Manya da yara suka dinga hawa da diga da buhu suna tono kwanson harsashi da gutsattsarin bama-bamai, dillali ya zo da babbar mota ya kwashe. Kowane gida a Solgol ya ci shinkafar ƙarfen nan, kowane gida kuma ya ba da wani abu: wani ƙafa, wani ido, wani ɗa. Chilsong yatsu biyu ya bayar, aka ce ya yi sa'a.

Abin da ba wanda ya sani ya faru ne yana da shekara goma sha shida. Ƙarshen damina ne, ruwa ya zaizaye gefen wani rami a inda tsohuwar hanyar sojoji ta yi kwana a bisa wani kwazazzabo mai zurfi. Ya hango tagulla na ƙyalli. Da ya tona sai ga manyan kwansuna tuli, irin waɗanda mai tono zai yi shekara bai samu ba. A kansu akwai mutum kwance rub da ciki, haƙarƙarinsa ya kife su kamar kwando. Ƙashi ba baƙon abu ba ne ga masu tono. Ya sa diga ya ja shi gefe, ƙasusuwan suka gangara kwazazzabo suna ƙara kamar busasshen itace, ƙoƙon kan ya mirgina a ƙarshe. Sai da ya cika buhu sannan ya lura da abin da ya rage a ramin: ruɓaɓɓen katakon jige, da baƙin takalmin roba ƙafa ɗaya.

 Sannan ya saɓi buhunsa ya sauka, don ciki ba ya jiran tunani.

A makon nan uwarsa ta dafa farar shinkafa zalla, ba haɗin sha'ir, karo na farko tun dawowarsu. Tana zuba masa ta ce, "Ci ka ƙara. In ka sunkuyar da kai haka sai in ga ubanka. Sai dai shi haƙorinsa na gaba a ɓalle yake, bijimin maƙwabta ne ya harbe shi muna sabon aure."

Chilsong ya cinye kwanon tas, ya karɓi ƙari. Bai duba bakin ƙoƙon kan ba. Da ya ɗaga shi na ɗan lokaci kaɗan da ya sani, amma idonsa na kan tagulla. Sau uku ya koma bakin kwazazzabon a wannan shekarar, ya leƙa, ƙafarsa ta ƙi sauka. Ya ce wa kansa akwai nakiya a ƙasa. Daga baya laka da ganye suka rufe komai.

Haka ya girma da abin a cikinsa. Ya auri Eom Sundok, 'yar mai dafa taliya a kasuwar gunduma, mace mai bakin da ba ya ajiye magana. Suka noma dankali da masara da kabeji, suka haifi 'ya'ya mata biyu da birni ya ɗauke. Gwamnati ta dasa itatuwa, dutsen ya sake rufuwa, barewa da aladen daji suka dawo. Uwarsa kuwa duk shekara, ranar da mijinta ya fita, sai ta jera shinkafa da miya a kan ɗan tebur ta buɗe ƙofa kaɗan, Chilsong ya durƙusa ya kai goshi ƙasa sau biyu kamar yadda ɗa ke yi. Ta rasu tana da shekara tamanin da ɗaya. Kabarin mijinta da ke gefen nata ba kowa a ciki, sai cokalin nan da ta gudu da shi kudu ta dawo da shi.

Yana da shekara sittin da takwas gunduma ta aiko wata ma'aikaciya, Seok Hyerin, wadda ta taɓa yin tseren keke kafin ta kama aikin ofis. Ta shimfiɗa taswira a zauren ƙauye ta ce ana so a mayar da tsohuwar hanyar sojoji ta masu keken hawan dutse. Mai unguwa Pyo Gapsu, abokin tonon Chilsong tun suna yara, wanda shi ido ɗaya ya bar wa dutsen, tuni ya amince.

"An rufe makarantarmu," in ji Pyo. "Bas sau biyu take zuwa a yini. Yarinyar ƙauyen nan yanzu Sundok ce, ita ma gwiwarta kuka take kamar ƙyauren rumbu. In 'yan birni na sha'awar karya wuyansu a dutsenmu, su zo, sa ci taliya kafin su karya."

Hyerin ta juya wajen Chilsong. "Baba, an ce kai ka san inda ƙafa za ta taka."

"Duk wanda ya ce ya san dutsen nan maƙaryaci ne."

"To ai ka fi mu iya ƙaryar," in ji Pyo. "Tashi ka raka yarinya."

Wata guda suna hawa tare, yana gaba da sanda, tana baya tana ɗaura jan ƙyalle a rassan itace. Ya nuna mata inda ruwa ke ɓulla, da inda ƙasa ke zamewa, da ramukan da ciyawa ta rufe bakinsu. Da suka iso kwanar nan ya ja ya tsaya.

"Nan ba a bi. Akwai nakiya. Mu zagaya ta bayan dutse."

Ta yarda da shi, shi ya sa ma ta kira sojoji masu na'urar neman nakiya. Kwana goma suna bin wurin taku-taku, ba su samu komai ba sai gwangwanaye da tsohuwar waya. Ta zo da murnarta. "Baba, wurin tsaf yake. Kuma duk hanyar ba inda ya kai shi kyau."  Hanya ta bi ta kan ramin, aka kafa allo aka rubuta Kwana ta Bakwai.

Ba wanda ya ba shi aikin shara. Ranar da aka buɗe hanya aka gan shi da manjagara, washegari ma haka, har gunduma ta gaji ta ba shi riga mai ruwan lemo. Mutane suka ce tsoho ya sami abin rage zaman banza. Shi kuwa lissafinsa ɗaya ne: tayoyi na cin ƙasa, ruwa na binsu, in wani abu zai fito to ya zama shi ya fara gani. Yakan tsaya a Kwana ta Bakwai ya ji su tun daga sama, sarƙa na kaɗawa, birki na kuka, suna ihun daɗi, su faɗo kwanar su kwanta da keke su wuce kamar tsuntsaye. Bai ji haushinsu ba. Amma duk wanda ya wuce sai ya bi sawun tayarsa da ido.

A kakar shekara ta biyu, wata safiya hazo ya sauko har ba ka ganin itacen da ke gabanka. Yana kwashe ganye a kwanar sai ya ji numfashi daga ƙasa, ba daga sama ba. Ya ɗaga kai. Mutane ne a jere suke fitowa daga cikin hazon ta gefen kwazazzabo, a sunkuye, ba mai magana, kowa da kaya a bayansa, ƙarafa biyu sun miƙe bisa kansa. Suna tafe a hankali, taku ɗaya sai nishi, irin tafiyar wanda ya san in ya tsaya ba zai iya tashi ba. Ya ƙirga tara. Manjagara ta suɓuce masa, ya zube ƙasa.

Masu keke ne suka yanke ta wata gajeriyar hanya mai tsayi, suka goyo kekunansu. Na ƙarshensu, wani magidanci mai kimanin shekara talatin, ya sauke nasa ya tsuguna gabansa.

"Kaka, lafiya? Jiri ne?"

Chilsong ya kama shi a wuyan riga da yatsunsa uku. "Buɗe bakinka."

Mutumin ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, haƙoransa farare, a jere, ba wanda ya ɓalle. Biyu daga cikinsu suka riƙo tsohon har gida.

Sundok na tsakar gida tana barbaɗa wa kabeji gishiri a babbar roba. Da baƙin suka tafi, ya zauna a dokin ƙofa ya faɗa mata komai, tun daga tagullar har farar shinkafar. Ba ta daina aikinta ba sai da ya kai aya.

"Shekara arba'in da biyar ina zaune da mutumin da ke tafiya kamar ya haɗiyi dutse," in ji ta. "Ni na zaci wata mace ce ka ajiye a waje."



"Da macen ce ma da na san abin yi." Ta ɗauraye hannu ta goge a zaninta. "Tsohuwarka ta mutu tana tsammanin ba mahalukin da ya san inda ubanka yake."

"Ban san ko shi ne ba."

"To ai abin da ba a sani ba shi ake tambaya, tsohon nan. Wanke fuskarka ka je wajen yarinyar. Ba da wannan rigar ba, ta yi laka."

Hyerin ta saurare shi tsit, ta rufe hanya daga Kwana ta Biyar zuwa ƙasa a ranar, ta sanar da sojojin da ke tono gawawwakin yaƙi. Saura mako uku a yi babban tseren da ƙauye ya shekara yana shiri. Pyo ya zo har gida yana huci.

"Shekara hamsin bakinka a ɗinke, sai yanzu da aka buga takardun tsere? Matan ƙauye sun niƙa garin taliya buhu-buhu, wa zai ci, kai?"

"Ka yi haƙuri, Gapsu."

"Haƙuri." Pyo ya zauna a kan turmi ya karɓi kofin giyar shinkafa da Sundok ta miƙo masa, ya riƙe bai sha ba. Can ya ce, "Kana tsammanin kai kaɗai ne? Ni takalmi na cire wa wani, a bayan dutse. Sai da na girgiza ƙasusuwan yatsun suka zubo. Sanyi biyu na yi da shi a ƙafata." Ya zubar da rabin giyar a ƙasa ya shanye sauran. "A ɗage tseren."

Kwana goma sha tara sojoji suna sauka kwazazzabon da igiya, suna aiki da ƙananan shebur da burushi da rariya. Chilsong yana bakin ramin tun daga safe har su tashi. Ba mutum ɗaya suka samu ba, uku ne, ƙasusuwansu a cakuɗe, ruwa ya tara su wuri guda. Da aka jera su a kan farar takarda ya roƙi shugaban masu tonon ya bar shi ya duba. Ƙoƙon kai biyu ne kawai. Ɗaya haƙoransa cikakku, ɗayan kuwa fuskar ta farfashe, ba haƙori ko ɗaya a sama. Na ukun ba a gan shi ba. Ya duba, a ƙarshe ya duba, dubawar ba ta gaya masa komai ba. Suka goga masa auduga a cikin kunci don gwajin dangantaka, suka naɗe ƙasusuwan, suka sa a ƙananan akwatuna, suka sara musu, suka tafi da su.

Dusar ƙanƙara ta rufe hanya wata huɗu. Da ta narke Hyerin ta zo da kanta, ba ta aiko takarda ba. Ta cire takalmi ta durƙusa a gabansa.

"Baba, mahaifinka ba ya cikinsu. Duk ukun an gwada."

Ya ɗauka in ya ji haka zai ji an sauke masa kaya. Sai ya ji kamar an janye masa tabarmar da yake zaune a kai. Duk tsawon shekarun nan, ko ba komai, yana da wurin da yake kallo in ya tuna ubansa.

"To nawa yana ina?" in ji shi.

 Hyerin ta dai ce ɗaya daga cikin ukun an gano 'yarsa, shi ma mai dako ne, kuma matar na so ta ga wurin.

Sunanta Ok Malsun, mai sayar da kifi daga wani gari na bakin teku a can kudu, ƙaƙƙarfar tsohuwa mai babbar murya. Tana cikin uwarta aka tafi da ubanta. Pyo ya hau da su a ƙaramar motarsa ta gona. A Kwana ta Bakwai ta shimfiɗa tabarma ta jera busasshen kifi da tuffa, ta zuba giya, ta yi gaisuwarta. Ba ta yi kuka ba. Chilsong ya jira ta gama, sannan ya durƙusa a kan tsakuwa ya gaya mata abin da ya yi da diga, bai rage komai ba. Ya ce bai san ko mahaifinta ne ya ture ko ɗaya daga cikin biyun ba.

 Wasu masu keke biyu suka faɗo kwanar, suka ga tabarma, suka sauka suka wuce a ƙafa.

"Tagullar da ka samu a ƙarƙashinsa," in ji Malsun, "ta saya muku abinci?"

"Shinkafa."

"Kun ƙoshi?"

"Mun ƙoshi. Ni da mahaifiyata."

Ta gyaɗa kai. "Uwata ta ce marowaci ne na ƙarshe, ko kan kifi ba ya bar wa kyanwa. Yau na fara jin ya ciyar da wani." Ta yago busasshen kifi ta miƙa masa. "Ba zan ce maka ba komai ba, Malam, don da komai. Shekara hamsin da ya yi a cikin laka, da a gefen uwata ya yi su. Amma tashi, gwiwarka ba ta yaro ba ce. Karɓi ka ci, ba a mayar da abincin matattu gida."

Ya karɓa ya ci. Kifin ya yi gishiri, ya daɗe yana tauna.

Sauran biyun har yau ba a san ko su wane ne ba. An yi tseren a bazara, an cinye taliyar. Chilsong ya ci gaba da shara shekara shida, har ƙafafunsa suka daina kai shi sama da Kwana ta Goma, daga baya ma sai dai ya zauna a benci a bakin hanya inda ake wanke kekuna. Labarinsa ya bazu a cikin masu hawa, ba a san wanda ya fara faɗa ba. Sai suka fara kawo masa abin da suka tsinta in ruwa ya yi ɓarna: maɓalli, ƙarfen ɗamara, gindin kwalba, wani lokaci guntun ƙashi. Yana da farar takarda a aljihun rigarsa kullum. Ya karɓa da hannu biyu, ya tambayi daidai inda aka gani, ya naɗe, Sundok ta kira sojoji a waya.

A kakarsa ta ƙarshe wata mata ta sauko da ƙashi mai tsawon tafin hannu a cikin hular kwanonta, tana riƙe da ita kamar mai ɗauke da ƙwai. Sundok ta leƙa ta taɓe baki.

"Wannan ai na aladen daji ne. Dubi kaurinsa."

"Na sani," in ji Chilsong.

Ya yi wa matar godiya, ya naɗe ƙashin a takarda kamar sauran. Da masu keke suka watse, ya dogara sandarsa zuwa bayan gonar kabeji, ya tona ɗan rami ya binne shi, ya danna ƙasar da tafin hannu don kada kare ya tone.